Hoto da Harshe a Nazarin Al'adu: Misali daga Samaru da Sabon Gari

1.0 Gabatarwa

Kalmar hoto ararriya ce daga Ingilishi. Sauyin da ya auku a baƙinta na farko irin wanda ake ji ne tsakanin fuɗu da huɗu, ko fura da hura, inda /f/ kan koma /h/ idan wasali mai kewayen leɓɓa ya biyo baya. Kalmar ta daɗe da zama 'yar gida, amma shi kansa hoton bai sami gurbin da ya cancanta a ajin Hausa ba. Wannan darasi zai bi sawun ɗalibin koyon ɗaukar hoto da aka tura ya taskace ayyukan masu fasaha da wasannin yara da harkokin yau da kullum a Zariya, domin malamin gobe ya ga inda aikin na'ura ya tsaya, na harshe ya ɗora.

1.1 Fagen Aiki

A Samaru ne Jami'ar Ahmadu Bello take, wadda aka kafa a 1962. Tun kafin nan, a 1958, wasu ɗaliban zane na kwalejin da ta rikiɗe ta zama jami'ar, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta dage cewa mai zane ya nemi abin zanawa daga al'adun gida. Sabon Gari kuwa jirgin ƙasa ne ya haife shi a wajejen 1911, ya tara Yarabawa da Ibo da Nufawa da Hausawa 'yan ci-rani. Saboda haka, a tsakanin wuraren biyu ɗalibin zai tarar da mai zane ɗan jami'a, da mai rubuta allon kanti, da mai ƙawata jikin manyan motoci, da maƙeri, da mai ɗinkin hannu.

1.2 Abin da Hoto Ba Ya Faɗa

A ɗauka ɗalibin ya shiga maƙera ya ɗauko hoto mai kyau. Za a ga wuta da ƙarfe da mutum a zaune. Sai dai hoton ba zai ce wannan ita ce uwar maƙera, wancan zugazugi, ga masaba, ga awartaki ba. Haka nan zai nuna ado a ƙirjin babbar riga, amma ba zai bambanta aska biyu da aska takwas ga wanda bai sani ba. Idan ɗalibin ya rubuta "wani maƙeri yana aiki" a ƙasan hoton ya tashi, to ya kawo ƙwarya ya bar furar a can. Wajibi ne kowane hoto ya zo da wuri da rana da sunan sana'a da sunayen kayan aiki daga bakin mai su. J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya a 1968 har ya tara kusan dubu, ya riƙa rubuta sunayen kitson, kuma wannan na cikin abin da ya sa manazarta ke komawa ga aikinsa.

A nan akwai tarko ga ɗalibin da ya ƙoshi da Daidaitacciyar Hausa. Zazzaganci sau da yawa ba ya rarrabe jinsi, don haka za a ji "riga na" a inda littafi ke cewa "rigata", balle kuma Hausar kasuwar Sabon Gari. Kada a gyara wa mai magana zancensa. A rubuta shi yadda ya fito, domin shi ma bayani ne, sannan a ƙara daidaitaccen a gefe.

1.3 Yara a Dandali

Wasannin yara sun fi wuyar kamu, domin motsi ne da waƙa. Hoton langa yana tsayar da yaro a kan ƙafa ɗaya, ba tare da ya nuna wane ne ruwa ko yadda ake ci ba. Hoton gaɗa yana kama tafi, ya saki waƙar. Tashe kuwa sai an jira dararen watan azumi. Dole ɗalibin ya zauna ya saurara, alƙalami a hannu.

Kafin duk wannan akwai neman izini. Yaro ba ya ba da izinin kansa. Iyayensa ake tambaya, almajiri kuma malaminsa. Gidan da aka ce ba a shiga, a tsaya a zaure. Yanzu da hoto ke zagaya duniya ta wayar salula cikin ƙiftawar ido, abin ya ƙara nauyi. Ba kuma adalci ba ne a riƙa nuna almajiri da ƙoƙon bara kullum, alhali yaron nan yana da allo, yana da abokai, yana buga ƙwallo da yamma.

1.4 Jinga

Ɗalibi ya ɗauko hotuna uku na sana'a ɗaya a unguwarsu, ya rubuta sunayen kayan aiki goma yadda mai sana'ar ya furta su, sannan ya tsara yadda zai koyar da su a aji ɗaya na ƙaramar sakandare.