Darasin wannan mako: Yaranmu da bindigar da ke bayan ƙofa

Yau maganarmu a kan abin da ba a cika son ambata ba ne. A nan kudu da yawa daga cikinmu masu gadi ne, wasu 'yan banga, wasu mafarauta. To, mai gadi ya dawo da asuba a gajiye, ya jingine bindigarsa a bayan ƙofa, ya kwanta. Ɗaki ɗaya ne, a gidan haya mai ɗakuna jere, yaransa da na maƙwabta suna shiga suna fita. Su wa suke tare da bindigar nan har ya farka?

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, saboda bai sani ba ko Shaiɗan ya fizge shi daga hannunsa. Daga Abu Musa al-Ash'ari kuma, an umarci wanda ya ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe bakinsu kada su ji wa wani ciwo. Kibiya ke nan, wadda sai an ɗana ta an ja baka. Ina ga bindiga, wadda yatsa ɗaya ya ishe ta?

Mu fara da abin da za a koya wa yaro. Gajere ne, ɗan shekara huɗu ma zai iya haddace shi kamar karatun allo: idan ka ga bindiga, tsaya, kada ka taɓa, fita daga wurin, je ka gaya wa babba. A riƙa maimaita masa, a sa shi ya gwada a aikace. Idan ya zo ya faɗa, a yaba masa. Wanda aka doka don ya kawo labari, gobe shiru zai yi. Wannan ƙa'ida ta shafi harsashi da kwanso da aka tsinta a bola ko a kwata.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. A shekarar 2001 likitocin yara a Amurka sun wallafa sakamakon wani gwaji: sun ajiye bindigar gaske, wadda aka gyara ba ta harbi, a cikin durowa, suka bar yara maza 'yan shekara 8 zuwa 12 a ɗakin. Yawancin waɗanda suka gano ta sun ɗauke ta, wasu har suka danna kunama. Kusan dukkan waɗanda suka taɓa ta an riga an yi musu gargaɗi a kan bindiga. Yaro yaro ne. “Ai na hana shi” ba kwaɗo ba ne.

Saboda haka babban nauyin yana kanmu. A cire harsashi, a sa bindigar a akwatin ƙarfe a kulle, harsashin a wani wuri dabam shi ma a kulle, makulli a aljihun maigida. Saman sif da ƙarƙashin katifa ba maɓoya ba ce. Wanda ya taɓa ɓoye wa yara alewa ya san haka.

A nan ne ake yawan kuskure, don haka mu ɗan tsaya. Bindigar toka ta baki ake ɗura ta, kuma idan ka kalle ta daga waje ba za ka gane ko akwai albarushi a ciki ba. Mutum yakan ɗura ta, bai samu abin harbi ba, ya rataye ta haka nan, har ya manta. Ƙaramar bindiga kuwa, ko ka zare gidan harsashinta, ɗaya yana iya maƙalewa a ciki, a shirye. Shi ya sa masana makami suke ɗaukar kowace bindiga a matsayin ɗurarriya. Kada a goge ta a gaban yara, kada a ba yaro ya riƙe don a ɗauke shi hoto a waya. (Wanda ba shi da lasisi kuma, dokar makamai ta 1959 tana jiransa, wannan karatun wata rana ne.)

Iyaye mata, ku tambayi maƙwabta kafin yaro ya saba da ɗakinsu: “Malam yana ajiye kayan aikinsa a ɗaki ne? A kulle suke?” Ba rashin kunya ba ne. Mu kuma masu sayar da bindigar roba da Sallah, mu sani wasu sun yi kama da ta gaske matuƙa, masu harba ƙwallayen roba kuma suna lalata ido.

Idan tsautsayi ya faru, Allah Ya kiyaye, a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a ɗaga don a leƙa, kada a zuba toka ko garin magani. A kira 112 ko a nemi mota nan take. Kada tsoron 'yan sanda ya sa a ɓoye yaro a gida: dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.