Sabunta Manhaja da Uwar Garken Mujallun Intanet: Ma'aunan Yanke Shawara da Makomar Haruffa Masu Lanƙwasa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tambayar da kan fuskanci editocin mujallun ilimi na intanet, wato yaushe ya dace a sabunta manhaja da uwar garken da ke ɗauke da mujalla. An ɗauki manhajar Open Journal Systems a matsayin misali, sannan an fito da ma'aunai uku: tsaro, dogaron manhajoji da juna, da amincin rubutun Hausa.

1.0 Gabatarwa

Mujallu da dama a Afirka, ciki har da waɗanda ke ƙarƙashin African Journals Online, suna amfani da Open Journal Systems, wadda aka fi sani da OJS. Cibiyar Public Knowledge Project, wadda John Willinsky ya kafa a shekarar 1998, ita ce ta samar da ita. Manhajar ba ta tsayuwa da ƙafarta. An rubuta ta da harshen PHP, tana adana bayanai a rumbu irin su MySQL, dukkansu kuma suna zaune ne a kan babbar manhajar uwar garke. Taɓa ɗaya daga ciki na iya shafar sauran.

2.0 Ma'aunin Tsaro

Kowane zubi na manhaja yana da wa'adin da masu shi ke toshe masa kafofin kutse. An daina tallafa wa PHP 7.4 a watan Nuwamba na 2022, MySQL 5.7 a Oktoban 2023, sai CentOS 7 a ƙarshen Yunin 2024. Bayan wa'adi shafi zai ci gaba da buɗewa kamar kullum, abin da kan sa a ɗauka lafiya lau ne, alhali duk ɓarakar da aka gano daga baya a buɗe za ta zauna. A 2017 an yi wa kamfanin Equifax na Amurka kutse ta wata kafa a manhajar Apache Struts wadda aka riga aka fitar da gyaranta tun watan Maris, aka sace bayanan mutane kimanin miliyan 147. A wajen mujalla, abin da ke cikin haɗari shi ne sunayen masu tantancewa da maƙalun da ba a kai ga bugawa ba.

3.0 Ma'aunin Dogaro da Juna

Sabuntawa tana da nata tsada. OJS 3.4, wadda ta fito a 2023, ba ta aiki da zubin da ya gaza PHP 8.0. Haka nan tsallakawa daga zubi na 2 zuwa na 3, wanda ya fara fita a 2016, ya sauya fasalin shafi gaba ɗaya, ta yadda tsofaffin ƙananan manhajojin da aka jona ba sa aiki sai an sake su. Saboda haka ana bukatar jera duk abin da mujalla ta dogara da shi kafin a ɗaga ƙafa.

4.0 Ma'aunin Amincin Rubutu

Wannan ne ya fi shafar manazartan Hausa. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ ba sa cikin tsarin latin1, wanda shi ne zaɓin asali na MySQL 5.7, yayin da MySQL 8.0 ya koma utf8mb4. A tsarin UTF-8 kowane ɗayansu lambobi biyu ne. Idan aka kwashe rumbu aka karanta shi da tsarin da bai dace ba, ƙ kan rikiɗe ya koma Æ™, ko a maye gurbinsa da alamar tambaya. Rikiɗewa ta farko tana gyaruwa, domin lambobin suna nan. Ta biyu kuwa asara ce, sai an koma ga kwafin asali. Ga mai nazarin harshe, bambancin kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, shi ne bayanin kansa. Bincike a rumbun ma zai daina gano kalmomin.

Akwai kuma tsofaffin maƙalun da aka buga da haruffan Rabi'at da Abdalla na Farfesa Abdalla Uba Adamu, waɗanda suka aza haruffa masu lanƙwasa a gurbin alamomi irin su baka. Sabunta uwar garke ba ya warware wannan. Juya su zuwa Unicode aiki ne na daban.

5.0 Kammalawa

Idan wa'adin tallafi ya ƙare, sabuntawa wajibi ce. Idan zubin da ake kai yana samun gyaran tsaro, jinkiri na da hujja, musamman a lokacin da ake shirin fitar da sabuwar fitowa. Duk lokacin da aka yanke shawarar yi, a fara da ajiye cikakken kwafin rumbu da fayiloli a wani wuri daban, a gwada sabuntawar a kan kwafi, sannan a binciki kalmomi masu ɓ da ɗ da ƙ a taken maƙalu da sunayen marubuta, a kuma tabbatar tsofaffin adireshin maƙalu suna buɗewa. Wannan binciken na ƙarshe bai kamata a bar wa ma'aikacin kwamfuta shi kaɗai ba, domin edita ne ya san yadda kalmar ya kamata ta kasance.