Lemun tsami: a matsa shi a kwano, kada a sa shi a jiki

 Aikina a nan Gure karɓar haihuwa ne da awon masu ciki, kuma cikin wannan aikin babu wani abu na kasuwa da nake jin sunansa a bakin mata kamar lemun tsami. Mai mura ta sha shi, mai son rage teɓa ta sha shi, amarya an yi mata gyaran jiki da shi, wadda al'adarta ta yi jinkiri an ce ta nemo shi. Ga shi da araha, ga shi kusa, tunda lambunan kwarurukan ƙasarmu, inda dabino da rake da rogo suke, suna ba da shi, wani kuma yana shigowa daga kudu. Ni kaina ba na rabuwa da shi a madafata. Sai dai akwai wuraren da yake amfani, akwai wuraren da yake ɓarna, kuma ɓarnar tasa ce take zuwa mana likita.

Babban amfaninsa a wurina ƙarin jini ne, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna kashi 46 cikin ɗari na mata masu shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa kashi 73. Duk wadda ta taɓa zama a ɗakin awo ta san wannan ba lissafin takarda ba ne: ka ja fatar idon mace ka ga fari fat, tafin hannu fari, tana haki daga 'yar tafiya. Irin wannan mace idan ta zubar da jinin da wata za ta jure wajen haihuwa, ita sai ya kayar da ita. Abincinmu gero ne da wake da ganye, zogale da yakuwa da rama da tafasa. Duk suna ɗauke da sinadarin ƙarfen da jiki ke gina jini da shi, amma ƙarfen tsirrai hanji ba ya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama da hanta. Bitamin C da ke cikin lemun tsami shi ke sassauta shi har hanji ya ɗauka. Saboda haka idan an zuba shinkafa da wake, ko kwaɗon zogale, ko dambu, a yanka lemu a matsa a kai a ci nan take.

A lura da kyau, a kwano za a matsa, bayan an sauke tukunya. Wuta tana kashe bitamin C, kanwa ma haka, kuma mu nan ƙasar kanwa ce, da ita muke dafa wake, da ita muke kaɗa miya. Wanda ya zuba lemu a tukunya tana tafasa da kanwa a ciki, ɗanɗano kawai ya samu. Sannan ga shayi. Ganyen shayi yana ɗauke da wani sinadari mai ɗaure ƙarfen abinci ya hana shi shiga jini, mu kuwa da an ɗauke kwano sai a ɗora buta. Ba na ce a bar shayi ba, na san ba mai ji. Roƙona mai ciki da mai shayarwa su bari a yi kamar awa guda tsakanin abinci da shayi, kuma ƙwayar ƙarin jini da muke bayarwa wajen awo a haɗiye ta da ruwa, ko ruwan da aka ɗan matsa wa lemu, kada a kora ta da shayi ko madara.

Kada kuma a ɗora wa lemun abin da ya fi ƙarfinsa. Giram 100 na ruwan ƙaramin koren lemun nan namu yana da wajen miligiram 30 na bitamin C, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wa baligi 45 a rana, mai ciki 55, mai shayarwa 70. Ƙwayar lemu ɗaya ba ta kai ko kusa ba. Gwaba ta ninka shi sau da yawa, garin ƙwallon kuka ma haka, ga mangwaro da tumatir da ɗanyen tattasai.

Amfani na biyu ya shafi kwalara, wadda ta ratsa jihohin Maraɗi da Damagaram a daminar 2021. Ƙwayar wannan cuta ba ta jure tsami. Lokacin annobar da aka yi a Gini Bisau a shekarun 1990, masu bincike sun gano cewa gidajen da ke matsa lemun tsami a miyar da ake ci da shinkafa ba su kamu kamar sauran ba. Don haka matsa shi a kan latas da kabeji da kwaɗo al'ada ce mai kyau. Amma ba ya maye gurbin wanke hannu da sabulu, ko tafasa ruwa, ko ƙwayar tsabtace ruwa, ko ɗumama kwanannen abinci har ya yi zafi sosai. Yaron da zawo ya kama kuwa, ruwan gishiri da sukari na likita yake bukata da ƙwayar zinc ta kwana goma zuwa sha huɗu.

Na mura da tari ba sai na tsawaita ba. Ruwan ɗumi da lemu da zuma yana sanyaya maƙogwaro, yana sa a sha ruwa, kuma hakan ya isa alheri. Sai dai ba a ba yaron da bai cika shekara ba zuma, jinjirin da bai kai wata shida ba kuwa nono kaɗai. Zafin jiki a lokacin damina a ɗauke shi masassarar cizon sauro har sai gwajin ɗan yatsa ya ce ba ita ba ce. Na sha ganin yaron da aka yi ta ɗura wa lemu da ganyaye a gida, sai da ya fara suma aka kawo shi jini ya ƙare.

A aikin gida kam, sai dai a yaba masa. Yana kashe ƙarnin kifi a hannu da kwano, yana cire tsatsa a farin tufafi idan an haɗa da gishiri aka shanya a rana, yana narkar da farin dutsen nan da ruwan rijiya ke bari a gindin buta. Abu guda ne haɗari: kada a taɓa haɗa shi da ruwan jabel, domin haɗin yana tayar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu.

To a tsaya a kan wannan butar. Ruwan da ya iya narkar da dutse a gindin ƙarfe, me ake zaton zai yi wa naman da ya fi fatar leɓe laushi? Nan ne zuciyata take ɓaci. Akwai matan da ke tsarki da ruwan lemun tsami ko su yi matsi da shi, wasu don ƙaiƙayi da fitar ruwa, wasu don an ce yana matse gaba, wasu don kada ciki ya shiga. Ba a nan kaɗai ake yi ba, an rubuta wannan al'ada a Jos ta Najeriya, har ta sa masana suka gwada ko lemun zai iya kare mata daga ƙanjamau. Abin da suka samu shi ne, tsamin da zai iya kashe ƙwayar cutar yana ɗaye fatar cikin farji, wanda aka surka da ruwa har ya daina ciwo kuma ba ya kashe ta. Fatar da ta ɗaye ƙofa ce a buɗe ga kowace cutar sanyi. Mace takan zo tana kukan raɗaɗi, ka duba ka ga wurin ya yi ja ya kumbura, sai ka lallaɓa ta kafin ta faɗi abin da ta sa, don kunya. Ba wautarta ba ce, wata babba ce da ta yarda da ita ta faɗa mata. Matsin da ake ji bayan an sa lemu kumburi ne da bushewa, ba gyara ba. Gaban mace yana wanke kansa, ruwa mai tsabta daga waje ya wadatar. Ƙaiƙayi da ruwa mai wari suna da magani gwargwadon abin da ya kawo su, wani lokaci har da maigida za a haɗa a ba maganin.

Haka shan lemu da kanwa don al'ada ta sauko ko don hana ɗaukar ciki. Ba ya hana ciki, sai dai ya bar mace da amai da ƙunar ciki, wani lokaci kanwar ta yi mata illar da ta fi haka. Hanyoyin tazarar haihuwa suna nan a cibiyoyin lafiya, kuma ana maganar cikin sirri.

Ido ma haka. Duk lokacin da apolo ta zagayo sai an sami wanda aka ɗiga wa lemu a ido, wai ya wanke dattin. Tsami yana ƙona gilashin ido, tabon da ya bari kuma yana iya zama har abada. Cibiyar jinjiri da sabon rauni su ma ba wurinsa ba ne.

Wajen kwalliya, halawar da ake dafawa da sukari da lemu don cire gashi ba ni da ja da ita, in dai an bari ta huce kuma fatar ba ta da ƙuraje ko rauni. Wanda ake zubawa a kwaɓin lalle ma ba laifi. Abin da nake hana 'yan mata shi ne goga ɗanyen lemu a fuska da hammata da gwiwa don neman haske. A ɓawonsa da ruwansa akwai sinadarin da idan ya haɗu da rana yake ƙona fata, ta yi ja, wani lokaci ta yi bororo, sannan ta bar baƙin tabo mai ɗaukar watanni. Ranar Gure kuwa kowa ya san ta. Masu shan sa tsura da sassafe don rage ƙiba su sani ba ya narkar da kitse, amma yana cinye farin rufin haƙori, kuma wannan rufin ba ya sake tsirowa. A surka shi da ruwa sosai, a kurkure baki bayan an sha, a dakata rabin awa kafin asuwaki. Mai gyambon ciki ko ƙwarnafi, in ya ji yana tayar masa, ya bari.

Iyayenmu mata, gwaggonni da kakanni da masu gyaran amare, ku ake ji kafin a ji mu. Don Allah idan 'yarku ta kawo muku kukan ƙaiƙayi, ko jinkirin al'ada, ko ciwon ido, ku rako ta likita mu duba ta. Lemun kuma ku matsa mata shi a kan wake.