Amsoshin Tambayoyinku: Wane Ne John Ball?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya tambaya ko wanda ba ya karɓar kuɗi a wasa zai iya zama gwarzo na gaske. Malam, tarihin John Ball, ɗan wasan golf na Ingila, ya isa amsa. An haife shi a Hoylake a 1861, kusa da filin Royal Liverpool, inda mahaifinsa ke da otal. Ya lashe gasar 'yan wasan sha'awa ta Birtaniya sau 8, daga 1888 zuwa 1912, kuma har yau babu wanda ya kamo shi.

Wasu za su ce ai tsakanin 'yan uwansa masu sha'awa ya yi fice, ba a gaban ƙwararru ba. Wannan hujja ta rushe a 1890 a Prestwick, inda ya doke masu cin abinci da wasan ya ɗauki kofin Open, Baturen Ingila na farko da ya yi haka. Ya kuma ajiye sanda ya tafi yaƙin Afirka ta Kudu, ya dawo ya sake cin kofin 'yan wasan sha'awa. Ya rasu a 1940. Don haka, Malam, ƙwarewa da naci ne ke yin gwarzo, ko da babu albashi.