Karɓar Baƙi a Ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo

Yawancin baƙin da ke zuwa Sakkwato, in sun ziyarci Hubbaren Shehu, suka ga fadar Sarkin Musulmi, sai su juya gida, suna tsammanin sun gama ganin ƙasar. Alhali kuwa babban yanki na labarin daular yana gabas da birnin. Baƙon da ya fito can, abin da hakimi da malaminsa suka nuna masa shi zai tafi da shi, ya baza a duniya. Don haka ya wajaba su san ƙasarsu sosai.

Wurno

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa Sakkwato a 1809, shi ne ya mai da Wurno ribaɗi, watau gari mai ganuwa inda mayaƙa ke zaune da iyalinsu suna tsaron iyaka. Ya zaɓi wurin domin tare hanyar Gobirawa. Can ya rasu a 1837, can kuma kabarinsa ya ke. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma a Wurno ya fi zama. A zamaninsa ne, cikin 1853, Bajamushen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya sauka garin. Abin da ya gani da abin da aka gaya masa ya rubuta, ga shi har yau ana karantawa. Wannan ya isa ishara: maganar da aka faɗa wa baƙo tana iya fin mai faɗinta tsawon rai.

Rabah

Rabah tana bakin Gulbin Sakkwato. Nan aka haifi Sir Ahmadu Bello, jinin Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Rabah Ibrahim. Aka naɗa shi hakimin Rabah a 1934, ya zama Sardauna a 1938, ya riƙe Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 har rasuwarsa a 1966. Ya kamata a sanar da baƙo cewa a aikin hakimci ya fara koyon mulki.

Goronyo da Giyawa

A nan abin kallo ruwa ne da noma. An tare Gulbin Rima da madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984. Giyawa tana cikin ƙasar Goronyo, arzikin mutanenta kuwa a fadama ya ke. Da rani, sa'ad da tudu ya bushe ƙurmus, baƙo zai tarad da fadama kore shar da shinkafa da albasa da tafarnuwa. A nuna masa yadda a ke jawo ruwa zuwa fangali, da rumbunan da a ke adana albasa. Kada kuma a ɓoye masa cewa gulbin da ke ciyar da mutane yakan yi ɓarna, gama ambaliyar 2010 ta ci gonaki da gidaje masu yawa a wannan kwari.

Abinci

Waɗansu masu masauki sukan ji kunyar abincin ƙauye, su aika birni a sayo burodi da lemon kwalba. Kuskure ne, domin baƙo ya baro waɗannan a gidansa. A tarye shi da ruwan sanyi, sa'an nan fura da nono. Da dare a kawo tuwon shinkafar da aka noma a fadamar garin, da miyar sure, watau yakuwa, da kifin gulbi. In zai kama hanya a ƙulla masa hoce da kilishi don guzuri. Abu guda da ba a sassautawa shi ne tsabta: a tafasa ruwan sha, a rufe ƙwarya saboda ƙuda. Bayan wannan, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Aikin malamin hakimi

1. Ya zauna da dattawan kowane gari, ya rubuta sunan wanda ya kafa shi, da jerin sarakunansa. Dattijo in ya rasu da labari a bakinsa, ba mai dawo da shi.

2. Ya raba abin da ya tabbata da abin da a ke ji kawai. In bai sani ba, kada ya ƙaga don faranta wa baƙo rai.

3. Ya ajiye lissafin ranakun kasuwanni, da lokacin da hanya ke yankewa da damina.

4. Ya bincika lafiyar hanya kafin baƙo ya tashi. 'Yan bindiga sun addabi gabashin Sakkwato, har suka afka wa kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, suka kashe mutane da dama. Baƙo amana ne. In hanya ba ta da kyau, a faɗa masa gaskiya, a ɗage tafiya.

5. Ya gaya wa hakimi duk inda ya ga ana ɗibar ƙasar tsohuwar ganuwa don gini, ko ana shigar maƙabarta da noma, domin a tsawata tun da sauran abin da za a nuna wa na baya.