Koyon Nahawun Turanci

Turanci ya samo asali daga harsunan ƙabilun Jamusawa da suka shiga Biritaniya a ƙarni na 5, sannan ya ari ɗimbin kalmomin Faransanci bayan mamayar Ingila a 1066. Daga baya furucin ya sauya, rubutun kuwa ya tsaya cak, shi ya sa ba a karanta shi yadda aka rubuta, saɓanin Hausa. Don haka gara mai koyo ya haɗa karatu da sauraren rediyo. Aikatau masu bauɗewa, irin su go da went, sai hadda cikin jimla, domin jerinsu kurum ba ya zama a ka. Bahaushe kuma ya lura da bambancin p da f, nan ne harshe yakan zame.