Furotin na Tantanin Ƙwayar Halitta da Samuwar Marusa Ƙashi

Gabatarwa

Ƙashin mai rai kullum cikin rushewa da ginuwa yake, tamkar gidan ƙasa da ake kankare tsohon yaɓensa a yi masa sabo. Masana sun ƙiyasta cewa ƙasusuwan baligi kan sabunta kusan gaba ɗaya cikin kimanin shekara 10. Ƙwayoyin halitta iri biyu ne ke wannan aiki: magina, masu zuba sabon ƙashi, da marusa, masu narkar da tsoho. Wannan darasi zai yi bayanin yadda ake samun marusa, da abin da ke ƙayyade yawansu.

Asalin Marusa

Marusa na samuwa ne daga wasu ƙwayoyin da ke cikin ɓargo, dangin fararen ƙwayoyin jini. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantani, a jikin tantanin kuma akwai nau'o'in furotin da take karɓar saƙo da su. Waɗannan furotin ne ke yanke hukuncin ko ƙwayar za ta zama marushiya ko ba za ta zama ba.

Matakan Samuwarsu

Da farko, sinadarin M-CSF kan haɗu da makarɓinsa a tantanin ƙwayar, ya sa ta rayu ta hayayyafa, ta kuma fito da furotin mai suna RANK. Shi RANK kamar kwaɗo yake, mabuɗinsa kuwa shi ne RANKL, wanda magina da ƙwayoyin da ke binne cikin ƙashi suke samarwa. Da zarar mabuɗi ya shiga kwaɗo, sai umarni ya isa cibiyar ƙwayar, ta fara rikiɗa.

Daga nan sai ƙwayoyi da dama su haɗe su zama ƙwaya guda babba mai cibiyoyi masu yawa. A shekarar 2005 masu bincike a Japan suka nuna cewa haɗewar ba ta yiwuwa sai da furotin DC-STAMP. A ƙarshe, marushiya kan manne wa ƙashi da furotin intagirin, ta zuba asid da sinadaran narkarwa a gurbin da ta rufe.

Takunkumin Marusa

Magina kan fitar da wani furotin, OPG, wanda aka gano a 1997. Aikinsa shi ne cafke RANKL kafin ya kai ga RANK. Saboda haka yawan marusa ya dogara ne ga wanda ya rinjayi wani tsakanin RANKL da OPG. Gwaji a kan ɓeraye ya tabbatar da haka: waɗanda aka hana wa RANKL ba su samar da marusa ba, ƙashinsu ya cunkushe, haƙoransu suka kasa tsirowa. Waɗanda aka hana wa OPG kuwa ƙashinsu ya zaizaye tun suna ƙanana.

Muhimmancinsa ga Lafiya

Idan mace ta daina al'ada, sinadarin isturojin kan ragu, RANKL ya yi rinjaye, rushewa ta fi gini yawa. Wannan ne ke jawo cutar zaizayar ƙashi, inda ɗan tuntuɓe kan karya wa tsohuwa ƙugu ko tsintsiyar hannu. Sanin wannan hanya ya kai ga samar da allurar denosumab, wadda aka amince da ita a Amurka a 2010. Ana yin ta sau ɗaya a wata shida, kuma tana tare RANKL kamar yadda OPG ke yi.

Kammalawa

An ga cewa ƙarfin ƙashi ya rataya ne ga saƙonnin da ake musayarwa a tantanin ƙwaya. Idan marusa suka yi yawa ƙashi ya zaizaye, idan suka yi ƙaranci ya cunkushe ya yi gautsi.

Auna Fahimta

1. Kawo matakan samuwar marusa ƙashi bi da bi.
2. Bayyana dangantakar RANK da RANKL da OPG.
3. Tsara yadda za a koyar da kalmomin "magina" da "marusa" ga ɗaliban ƙaramar sakandare.